Ciwon ƙugu ga yarinyar da ba ta fara al'ada ba

Tambaya: Likita, 'yata shekararta 15, ba ta taɓa ganin al'ada ba, amma duk wata sai ciwon ƙugu da mara ya kwantar da ita. Maƙwabta sun ce ɗaukar ruwa ne. Na ba ta jiƙo, shiru. Daga wata uwa a Agege.

Amsa: Hajiya, sannu da jinya. Tunda ciwon yana dawowa wata-wata, ban yarda laifin jarkar ruwa ba ne. Akwai yaran da ake haifa da fatar budurci a rufe ruf. Al'ada ta fara, amma jinin bai sami hanyar fita ba, sai ya taru yana danne baya da mafitsara. Ki duba: mararta ta kumbura? Fitsari ko bayan gida na yi mata wuya? In wannan ne, ƙaramin aiki ake yi a asibiti, a buɗe fatar, jinin ya fita. Don Allah kada a bar wanzami ya sa mata aska.

Ƙari a ƙwan mahaifa ma kan jawo ciwon baya. Ki kai ta sashen mata na asibitin koyarwa na LUTH a Idi-Araba, ko na LASUTH a Ikeja, a duba ta, a yi hoton ciki. In ciwon ya taso farat ɗaya da amai, ku tafi a lokacin, ko da tsakar dare ne.