Amsar Baffa kan shigar Ummi kadet ɗin sojan sama

Assalamu alaikum ɗana. Yaya sanyin ƙasar taku, yaya mai ɗakin naka da yara? Saƙonka ya iso tun ranar Talata, na ƙi amsa maka ta waya da gangan, don irin wannan magana idan aka yi ta da baki, rabinta iska ke kwashewa.

Ka ce Ummi ta cika shekara 13, ta dawo daga makaranta da takarda, tana so ta shiga ƙungiyar kadet ta sojan sama, wato ta horar da yara, da ke unguwarku can Ingila. Uwarta ta yarda da rabin baki, kai kuma ka tsaya. Kana tambaya ko al'adarmu ta yarda 'ya mace ta sa kaki, ta yi fareti tare da maza, har ta kwana a sansani. Kana kuma tambaya ko sai ka sanar da gida tukuna, ko kuwa abin bai kai nan ba.

Ta ƙarshen zan fara amsawa, domin a kanta na taɓa ƙonewa. I, sai ka sanar. Bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, ina saurayi, na saci jiki na tafi Kaduna na shiga sojan sama, ban gaya wa kakanka Malam ba. A ƙofar masallaci ya ji, a bakin wani maƙwabci da ke masa barka. Wata bakwai ina aiko da wasiƙa ba amsa. Da na samu hutu na zo na durƙusa a zaure, bai ɗaga kai daga allon da yake dubawa ba, ya ce: "Kakin bai dame ni ba. Ka mai da ni baƙo a gidana, wani na waje ya fi ni sanin inda ɗana yake." Marigayi mahaifinka yana tsaye a bakin ƙofa riƙe da buta, yana yaro, shi ma sai da ya yi hawaye. Daga baya Malam ya yafe mini, har yakan sa in zo masa da kakin ranar Sallah, amma waɗannan watanni bakwai ban taɓa samun ramuwarsu ba. Don haka kafin kowane hoto ya hau waya, ka kira Gwaggonka, ka kira Kawun yarinyar. Sanarwa ce ta girmamawa. Hukunci naka ne da uwarta, ku ne Allah zai tambaya, amma kada su tsinci labarin a hannun wasu.

To, batun al'ada. A zamaninmu gaskiya ba a ɗauki aikin soja da daraja ba a gidajen malamai da 'yan kasuwa. Yaron da ya gagari iyayensa ake cewa a kai shi soja, kuma mutane ba su manta cewa da sojan Bature aka ci Kano da Sakkwato a 1903 ba. Wannan ƙyamar ce ta biyo jini har ta iso gare ka, ko da ba ka san mafarinta ba. Amma tun ina yaro ta fara yin sanyi. Makarantar soja ta yara da ke Zariya tun 1954 take ɗaukar 'ya'yan mutane, kuma yau a Jos sojan sama na da makarantar 'yan mata, iyaye Hausawa na neman gurbi a cikinta da ƙyar.

Abin da al'ada ta riƙe da ƙarfi shi ne yadda ake ba da yaro. Bahaushe bai taɓa yarda cewa uba shi kaɗai zai iya tarbiyyar ɗansa ba, shi ya sa muke da riƙo, muke kai yaro wurin malami, muke kai shi wurin maƙeri ko maɗinki ya koyi sana'a. Kai kanka a ɗakin Gwaggonka ka tashi. Sai dai ba a aika yaro da takarda. Uba ne ke saka babbar riga, ya ɗauki goro, ya kama hannun ɗansa, ya je ya zauna gaban mutumin, ya dubi idonsa ya ce ga amana. Kafin nan ya riga ya bincika halinsa, bayan nan kuma yakan leƙa ba tare da sanarwa ba. Wannan ita ce al'adar da ta hau kanka a wannan magana, kuma tafiyar da ka yi zuwa Ingila ba ta sauke maka ita ba.

Game da kasancewarta mace, ka tuna 'yan taru na Nana Asma'u, 'yar Shehu. 'Yan mata ƙanana da dattawan mata kan taso daga ƙauyuka a ƙafa su zo ɗaukar karatu, ƙarƙashin shugaba da ake kira jaji, wadda ake naɗa wa malfa da jan rawani don a san matsayinta. Fitar yarinya neman ilmi cikin tsari, da babba mai amsa tambaya a kanta, ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Abin da iyayenmu suka ƙi shi ne fita sakaka, ba a san wurin wa aka je ba.

Ita wannan ƙungiya na san ta, domin ɗan yayarka ya yi shekara uku a cikinta, kuma zuwana na ƙarshe na bi shi har wurin. Sunanta Air Training Corps, an kafa ta a 1941 ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, aka fara karɓar 'yan mata a farkon shekarun 1980. Ma'aikatar tsaro da sojan saman ƙasar ke ɗaukar nauyinta, amma yaran ba sojoji ba ne, babu wanda zai tura su yaƙi, kuma ranar da Ummi ta gaji za ta mayar da kakin ta dawo gida. Ana shiga daga shekara 12, yawancin rassa sau biyu suke haɗuwa a mako da daddare, kamar awa biyu zuwa biyu da rabi. Kakin aro ake bayarwa, ku kuna sayen takalmi kuna biyan ɗan kuɗin wata. Manyan da ke kula da su 'yan sa kai ne, masu aikinsu da rana, kuma ana bincikar tarihinsu kafin a bar su kusa da yara.

Daren da na je, ɗakin taron bai fi ajin firamare biyu ba. Wata yarinya da ba ta wuce 16 ba, mai igiya uku ta saje, ita ta tsayar da yara kusan talatin, har da samarin da suka fi ta tsawo. Murya ɗaya ta ɗaga, ɗakin ya yi tsit. Ta bi layi tana duba karin wando da zaman hula, ta tsaya gaban wani yaro ta nuna masa maɓallin da bai saka ba, ba zagi ba tsawa, ya gyara. Ni da na yi shekaru ina cin fareti a rana, sai da na ji tsigar jikina ta tashi. Da muka koma gida na ga jikan nawa, wanda a da sai uwarsa ta yi magana sau biyar kafin ya ɗauke kwanon da ya ci abinci, ya zauna a ƙasa da auduga da ɗan ruwa a murfin gwangwani, yana zagaya bakin takalminsa a hankali har fitilar ɗakin ta fito a jiki. Ba wanda ya sa shi.

Suna koyon yadda fiffike ke ɗaukar jirgi, karatun taswira, maganar rediyo da taimakon gaggawa. Akwai tafiyar ƙafa da kwana a tanti don lambar Duke of Edinburgh, wadda masu ɗaukar aiki da jami'o'in can suka sani. Wanda rabonsa ya zo ana ɗaga shi sama a ƙaramin jirgi mai kujera biyu da ake kira Tutor, matuƙi na gefensa, har ya sakar masa sitiyari na ɗan lokaci, ko kuma a jirgi marar inji. Kada ta sa rai kowane wata ne, layin na da tsawo. Ka gaya mata kuma jiragen farko da suka sauka Kano a 1925 na rundunar sojan saman Ingila ne, guda uku, daga Masar suka taso.

Yanzu abubuwan da ke damunka, ba zan rufe maka su ba. Maza da mata tare suke fareti da karatu, kamar dai makarantar da take zuwa kullum. A sansani wurin kwana daban ne, amma kai za ka tambaya da bakinka: wace babbar mace ce za ta bi su, ina za su kwana, lambar wa za ka kira da tsakar dare. Dokar tufafinsu ta yarda da hijabi, kuma akwai wando ga mata, sai ku karɓo mai yalwa. Salla kuwa sai kun yi lissafi, domin a hunturu Magariba ta wuce tun kafin ta bar gida, a bazara kuma tana iya faɗowa ana tsakiyar darasi. Ka nema mata kusurwa tun ranar farko. Batun abinci ka rubuta shi ɓaro-ɓaro a takardar sansani. Yayarka ta bar wannan layin ba ta cike ba, yaron ya yi mako guda kan burodi da wake da dankali, ya dawo wuya ya zurma, kunya ta hana shi magana. Laifin namu ne, ba a gaya wa masu girkin ba.

Akwai harbi, da bindigar iska da ta gaske, a filin da aka keɓe, malami na tsaye a kanta, kuma sai ta ci jarrabawar riƙe makami kafin a ba ta harsashi. Wannan bai tayar mini da hankali ba. Wanda ya fi nauyi shi ne alkawarin da za ta ɗauka ranar shiga, na biyayya ga reshenta da sauke haƙƙin Sarki da ƙasa da tuta, da kuma sanin cewa jiragen wannan runduna sun yi yaƙi a Iraƙi da Afganistan da Libiya. A ganina, wanda ya zauna a ƙasa, ya ci amaninta, aka haifa masa 'ya'ya a cikinta, alkawarin zama ɗan ƙasa nagari ya riga ya hau kansa. Shiga soja na sosai kuwa wata magana ce daban, kuma a can ba a ɗaukar wanda bai kai 18 ba sai da sa hannun iyaye. Wasu yaran daga kadet suke wucewa can, wannan gaskiya ne, don haka kada ka jira sai ranar ta zo. Ka zaunar da ita tun yanzu ka gaya mata abin da ke ranka game da waɗannan yaƙe-yaƙe, ka saurari nata. Na san kana jin nauyinta, 'yar fari ce kuma sunan Inna gare ta, ko sunan ba ka iya kamawa. Wannan kunyar tana da kyau a gida, inda gwaggo da kaka ke faɗa wa yarinya abin da uba ba zai iya ba. A inda kuke babu su, sai ka daure ka yi da kanka.

Idan ra'ayina kake nema, ka bar ta. Amma kai za ka kai ta daren farko, kada ka sauke ta a bakin ƙofa ka juya mota. Ka shiga, ka nemi shugaban reshen, ka gaisa da shi, ka faɗa masa sunanka da addininku da abin da kuka yarda da wanda ba ku yarda ba. Akwai kwamitin farar hula da ke riƙe kuɗin reshe, iyaye ne suka fi yawa a ciki, kai ko uwarta ɗaya ya shiga. Ka ɗauko ta da kanka idan an tashi, ka saurari abin da take faɗa a mota. In ka ga karatunta ya ja baya ko sallarta ta fara rauni, ka dakatar, ba wanda zai ce maka don me.

Gwaggonka za ta yi faɗa, na san ta. Ka kira ta ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, lokacin tana cikin nishaɗi, ni zan shiga wurinta tun Alhamis in share maka hanya. Ka gaishe da mai ɗakin naka. Ka ce wa amaryar tawa ina jiran hotonta da kaki, kuma takalmin zan fara dubawa.

Naka, Baffa.