Silinda ɗaya ta ba ka sifiri, kar ka yi saurin sauke inji

Yaro na na ga saƙonka. Ka ce motar nan Ford Model A ta 1930 da ta shekara da shekaru a ajiye, ka ɗaura gejin auna matsin silinda, silinda uku sun ba ka 58, 60, 55, ɗayar kuma sifiri, kana tambaya ko a sauke injin a canza rin, wato zoben fistin. A'a, dakata tukuna.

Na farko dai wannan 55 zuwa 60 da ya tsorata ka ba ciwo ba ne, kai ka saba da motocin yanzu masu kai 150 zuwa sama, ita wannan ninkin matsinta 4.22 zuwa 1 ne kacal tun daga kamfani, haka aka ƙera ta. Abin dubawa shi ne su yi kusa da juna, kar tazarar ta wuce kashi 10 cikin ɗari sosai. Amma ina fata ka cire fulogi duka huɗu kuma ka buɗe totur har ƙarshe kafin ka gwada, don batir mai volt 6 in ya yi sanyi shi ma ƙarya yake sa geji ya yi maka.

Toh sifirin nan. Rin komai cinyewarsa sai ya ɗan ɗaga allura, in ka ga ba ta motsa ba sam to bawul ne ya maƙale a buɗe, galibi na salansa. In kana kokwanto zuba cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin fulogi ka sake gwadawa, ya hau rin ne, bai hau ba bawul ne. Da silinda biyu ne maƙwabtan juna suka faɗi tare sai in ce maka gasket ɗin kan inji ne.

Wannan injin bawul ɗinsa a gefe suke cikin bulok, ba a cikin kan injin ba. Cire marfin gefen nan ka haska tocila, wani ya juya maka injin da hannu a hankali, kar ka taɓa kik. Za ka ga bakwai suna hawa suna sauka, guda ya tsaya a sama, tafet, wato ƙarfen da ke tura shi sama, ya sauka ya bar shi da gibi. Shi ne mutumin naka. Tsatsa ce da tsohon fetur da ya daskare kamar ƙaro suka riƙe shi a cikin gayid, wato bututun da yake hawa da sauka a ciki.

Ka jiƙa shi da man sakin tsatsa, ko man giyar otomatik da ka haɗa da kananzir, ta sama da ta ƙasa, ka tafi ka bar shi ya kwana. Nan ne yara kuke kasawa wlh, ba ku iya barin abu ya kwana. Washegari ka tabbatar kam, abin da ke ɗaga tafet, ya kauce, wato tafet yana ƙasa, sannan ka ɗora sandar tagulla a tsakiyar kan bawul ɗin ka ɗan ƙwanƙwasa da ƙaramar guduma. Tsakiya fa, ba baki ba. In ramin fulogi bai ba ka tsakiyar ba cire kan injin, bai kai wahalar neman wani bawul ba. Ni ina yaro na taɓa dukan wani ta gefe kam na ƙarƙashinsa, ya lanƙwashe, maigidana bai ce min komai ba sai da ya sa na kwance sauran duka na wasa su ni kaɗai.

In ya faɗa ka juya injin ya sake ɗaga shi, ƙara mai, sake ƙwanƙwasawa, ko sau ashirin ne, har sai sifirin ɗin bawul (spring) da kansa ya dawo da shi ka ji ƙas. Daga nan maida geji. In ya ba ka kamar 40 kar ka damu, tayar da ita ta yi zafi ka sake aunawa, sau da yawa dattin mazaunin bawul ke ƙonewa ya hau. In ya ƙi, sai a wasa bawul. Kuma kafin ka tayar ɗin ka juye tsohon fetur na tanki, ka canza baƙin mai don kananzir ya sauka cikinsa. Turo min lambobin da ka samu.