Ɗana ya ci laimar kwaɗin da ta fito a ciyawar gida: shin tafasawa tana kashe dafinta?

Tambaya: Likita, bayan an yi ruwan sama wasu manyan laimomin kwaɗi farare suka fito a kan ciyawar gidanmu, suka yi da'ira. Ɗana mai shekara huɗu ya gutsiri ɗaya, bayan kamar awa biyu ya kama amai da gudawa, har sai da aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti. Mako biyu ke nan, ya warware, amma hankalina bai kwanta ba. Maƙwabcinmu ya ce naman kaza ne mai kyau, wai ɗanye da yaron ya ci ne ya jawo, da an tafasa an zubar da ruwan babu abin da zai faru, kuma ai dabbobi suna ci a makiyaya. Shin gaskiya ne? Kuma akwai abin da zai biyo baya a jikin yaron?

Amsa: Malama, sannu da jinya, Allah ya ƙara masa lafiya. Bisa siffar da kika bayar, wato manya, farare, a jere cikin da'ira a kan ciyawa bayan ruwa, ga kuma amai da gudawa cikin awa biyu, abin da ya fi kama da wadda ɗanki ya ci shi ne nau'in da masana ke kira Chlorophyllum molybdites. Tana son ƙasashe masu zafi da ɗumi, tana fitowa a filayen ciyawa da wuraren kiwo, kuma a Arewacin Amurka ita ce laimar kwaɗi mai guba da aka fi yawan ci bisa kuskure. Faɗin hularta yana iya kaiwa santimita 30, da ɓawo-ɓawo masu ruwan ƙasa a samanta, ga zobe a jikin karanta. Alamarta mafi ƙarfi tana ƙarƙashin hular: siraran faifayen da ke nan farare ne tun tana ƙarama, idan ta manyanta sai su koma kore-kore, kuma idan aka kifa hular a kan farar takarda aka bar ta ta kwana, garin irin da zai zubo kore ne. Sai dai ƙaramarta ba ta nuna wannan launi, shi ya sa ake ɗaukarta a matsayin Macrolepiota procera, wadda ake ci.

Idan ita ce, to ki kwantar da hankalinki game da yaron. Dafinta a ciki da hanji yake aiki, yakan bayyana cikin awa ɗaya zuwa uku, wani lokaci har da jini a bayan gida, kuma babban haɗarinsa ga yara shi ne ƙarewar ruwan jiki, wanda asibiti ta riga ta magance. Yaron da ya yi mako biyu bayan faruwar abin yana ci, yana wasa, yana fitsari yadda ya saba, idanunsa ba su yi rawaya ba, ya wuce lokacin da ake tsoro. Idan ba a yi masa gwajin hanta da ƙoda ba a lokacin, babu laifi ki nemi a yi, domin siffantawa da baki ba ta kai ganin abu da ido ba.

Maganar maƙwabcinku kuwa ita ce ta fi damuna, domin kusan kullum sai na ji irinta, kuma daga bakin mutanen da suke faɗinta da cikakken tabbaci. Abin da ya sa ta ƙi mutuwa shi ne akwai ɗan ƙwayar gaskiya a cikinta. Dafin wannan nau'in furotin ne, zafin wuta yana iya rage ƙarfinsa, kuma jikin mutane ya bambanta, ta yadda mutum biyu za su ci daga tukunya ɗaya, ɗaya ya tashi lafiya, ɗayan ya kwana yana amai. Wanda ya tashi lafiyan shi ne yake yawo yana ba da fatawa. Amma da yawa daga cikin manyan da wannan laima take kwantarwa ai ba ɗanya suka ci ba, dafawa suka yi, suka soya, suka ci a matsayin abinci.

Ko da ma tafasawa tana aiki a kanta, mutumin da ya ɗauki wannan a matsayin ƙa'ida zai kai ƙa'idar kan wata laimar da ba ta san wuta ba. Laimar da ake kira Amanita phalloides da 'yan uwanta farare suna ɗauke da dafin amatokzin, wanda tafasawa, soyawa, busarwa da daskarewa duk ba sa lalata shi, kuma rabin hula ɗaya ya isa ya kashe babban mutum. Mafi yawan mace-macen da ake samu a duniya sanadiyyar cin laimar kwaɗi daga wannan dangi suke. A ƙarshen watan Yulin 2023, a garin Leongatha na ƙasar Ostireliya, wasu mutane suka ci naman da aka gasa sosai a tanda tare da ita, uku daga cikinsu suka rasu a farkon watan Agusta. Kada kuma a ce ai waccan a gindin itatuwa take fitowa, ba a fili ba: ciyawar da ke kusa da bishiya tana iya fitar da ita, sannan akwai wasu ƙananan nau'o'in Lepiota masu wannan dafi da ke fitowa a lambuna da cikin ciyawa, waɗanda ga idon wanda bai ƙware ba kamar ƙannen wadda ɗanki ya ci suke.

Abin da ya fi muni game da amatokzin shi ne jinkirinsa. Mutum zai ci, ya yi awa shida zuwa ashirin da huɗu bai ji komai ba, sannan amai da gudawa su zo, su lafa bayan kwana ɗaya, ya ga kamar ya warke, alhali a lokacin ne dafin yake hana ƙwayoyin hanta sarrafa furotin suna mutuwa. A kwana na uku zuwa na biyar sai shawara ta bayyana, jini ya daina daskarewa, hankali ya gushe, a wasu lokutan babu mafita sai dashen hanta. Saboda haka a wurinmu saurin fara amai ya fi jinkirinsa daɗin ji, kodayake shi ma ba tabbaci ba ne idan mutum ya haɗa nau'i biyu ya ci.

Hujjar dabbobi ba ta da ƙafar tsayawa. Dodon koɗi da tsutsotsi suna cin Amanita phalloides ba tare da ta yi musu komai ba, karnuka kuwa tana kashe su kamar yadda take kashe mutane, kuma babu wanda ya bi dabbar da ya gani tana ci har kwana biyar ya duba hantarta. Haka nan zancen cokalin azurfa ko tafarnuwa da wai za su yi baƙi a tukunya idan akwai guba, da zancen cewa mai guba tana da ɗaci ko wari ko launi mai ɗaukar ido. Waɗanda suka tsira daga Amanita sukan ce daɗi gare ta. Yanzu kuma an ƙaro sabon salo, mutum ya ɗauki hoto da waya, manhaja ta ba shi suna, ya ɗora tukunya. Hoto ba ya nuna launin garin iri, ba ya nuna jakar da ke binne a gindin karan Amanita, kuma waɗannan su ne abubuwan da ƙwararre yake fara dubawa.

Idan irin wannan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, kada ki jira alamu, kada ki sa wa yaro yatsa a maƙogwaro, kada ki tsaya ba shi madara da sunan karya guba, domin madara ba ta karya komai. Ki cire abin da ya rage a bakinsa, ki tono laimar gaba ɗayanta har gindi, ki naɗe ta a takarda maimakon leda don kada ta narke, ki riƙe lokacin da ya ci, ku nufi asibiti. Gawayin asibiti na musamman yana rage shigar dafi cikin jini idan an ba da shi da wuri, gawayin murhu kuwa ba ya wannan aiki.

Game da ciyawar gidan, abin da kike gani a sama 'ya'ya ne kawai, ainihin jikinta zare-zare ne farare da ke cin ruɓaɓɓen ciyayi a cikin ƙasa, suna faɗaɗa kowace shekara, dalilin da'irar ke nan. Feshin magani ba kasafai yake kai musu ba. Taɓa ta da hannu ba ya cutarwa, don haka duk safiyar da ta biyo bayan ruwa ki riga yaron fita, ki tsince su, ki ɗaure a jefar inda yara da dabbobi ba za su kai ba, ki riƙa kwashe busasshiyar ciyawa da kashin dabbobi, sannan ki rage ban ruwa idan kuna yi.