Amsa ga ƙanena mai shirin zuwa Jobag: mota da gidan sinima

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, kuma na yi farin ciki da gurbin karatun da ka samu a Jami'ar Wits da ke nan Johanasbag, wato Jobag, Allah ya sa albarka. Ka ce kai mai son kallon fim ne, kana da niyyar sayen ƙaramar mota ta hannu da zarar ka zauna daram, amma labarin satar motoci a Afirka ta Kudu ya sanyaya maka jiki. Shi ya sa kake so in faɗa maka unguwar da babu ɓarayi, da gidan sinimar da za ka shiga hankalinka kwance.

Unguwar da babu ɓarayi kam ba zan ba ka sunanta ba, domin babu ita a Johanasbag. Zaman da na yi a nan ya nuna mini cewa sunan unguwa ba ya gadin mota. Abin dubawa shi ne wurin da ka ajiye ta, da abin da ka yi a minti biyun farko bayan ka kashe inji.

Rundunar 'yan sandan ƙasar, SAPS, tana fitar da ƙididdigar laifuka duk bayan wata uku, caji ofis bayan caji ofis, kuma kowa na iya dubawa a intanet. A ciki an raba matsalar gida uku: kwacen mota da makami, satar motar da aka ajiye, da satar kaya daga cikin mota. Baƙo yakan haɗa su wuri ɗaya ya firgita, alhali kowanne da inda ya fi ƙamari. Lardin Gauteng, inda Jobag da Pretoria suke, shi ke da kusan rabin kwacen mota na ƙasar baki ɗaya, amma ba a garejin sinima aka fi yin sa ba. An fi tare mutum a ƙofar gidansa yana jiran get ya buɗe, ko a danja da dare. Satar kaya kuwa inda kaya suke take bi, don haka unguwannin masu hali na arewacin gari ba su tsira ba. Ɓarawo ya san a can ake barin laftof da waya mai tsada a kan kujera.

Manyan kamfanonin sinima a nan biyu ne, Ster-Kinekor da Nu Metro, kuma kusan duk zaurukansu a cikin manyan kantuna suke: Rosebank, Sandton City, Cresta, Eastgate ta wajen Bedfordview, Mall of Africa a Midrand. Wannan sauƙi ne gare ka, domin irin waɗannan wurare suna da garejinsu mai hawa-hawa, da sandar da ba ta ɗagawa sai ka zari tikiti, da kyamarori, da masu gadi cikin yunifom. Za ka biya 'yan rand kafin ka fita. Ka biya, kada ka ji ciwon kuɗin. Na ga ɗalibai suna ajiye mota a bakin titi bayan ginin don gudun wannan kuɗi, su shiga fim na awa biyu da rabi. Ai duk wanda ya ga ka nufi sinima ya san tsawon lokacin da yake da shi.

Ga wani abu da ba ka gane shi sai ka dandana. Kantuna suna rufewa tun kafin fim ɗin dare ya ƙare. Ka shigo ƙarfe bakwai wuri cike da jama'a, ka fito sha ɗaya saura ka tarar an kulle wasu ƙofofin, hawan da ka ajiye mota ya zama fayau, sai kai da ƙarar takalminka. Saboda haka ni tun daga shiga nake neman hawa da ƙofar da suka fi kusa da sinima kanta, ko da zan zagaya sau biyu, in ajiye ƙarƙashin fitila, kusa da lifta. Nakan kuma biya tikitin fakin a injin da ke ciki inda akwai mutane, makulli na hannuna kafin in isa mota.

Yanzu bari in ba ka labarin abin da ya same ni, domin shi ya fi komai muhimmanci. Wata Asabar da yamma na je kallo a wani katafaren kanti a unguwar da kowa ke yabo. Na fito daga mota, na buɗe but na saka jakar laftof ɗina a gaban idon duk mai kallo, na danna rimot ina tafiya ina amsa waya. Da na dawo, gilashi lafiya, ƙofa lafiya, babu ko ƙwarzane, jaka kuwa ta tafi da aikin wata huɗu a ciki. Mai gadin da ya zo ya dube ni da tausayi ya ce toshe rimot aka yi mini. Wani yana zaune a mota kusa, ya danna nasa rimot ɗin a daidai lokacin da na danna nawa, saƙon bai isa ba, motar ba ta kulle ba sam. Da yake babu alamar fasawa, da kyar na shawo kan maganar inshora. Tun daga ranar ba na barin jikin mota sai na ja marikin ƙofa da hannuna na ji ta gam, har but. Kaya kuma tun daga gida nake saka su a but, ba a wurin fakin ba. In motarka irin mai buɗewa ba tare da an danna komai ba ce, sayi 'yar jakar nan mai tare sigina ka riƙa saka makullin.

A filin fakin na waje za ka ga masu tsaron mota sanye da riga mai ƙyalli, suna nuna maka gurbi. Yawancinsu da abin da direbobi ke ba su suke rayuwa, da dama kuma baƙi ne irinmu. Gaishe shi, dubi fuskarsa, in ka dawo ka ba shi rand biyar ko goma. Idonsa yana da amfani, sai dai ba shi da makami kuma ba zai biya ka komai ba in an yi ɓarna.

Game da motar da za ka saya, VW Polo da Toyota Hilux suna cikin waɗanda ɓarayi suka fi nema, saboda kasuwar kayan gyaransu. Kamfanin inshora zai tambaye ka inda motar ke kwana, a gareji ko a titi, da wace unguwa, kuma da haka yake yanka maka kuɗin wata. Faɗi gaskiya, domin ranar da abu ya faru za su bincika. Wasu ma ba za su karɓe ka ba sai ka saka tiraka, wato na'urar bin sawun mota, irin na Tracker, Netstar ko Cartrack. Ƙarfen kulle sitiyari tsohon yayi ne, amma har yau ina saka nawa.

Kada ma ka yi gaggawar sayen motar. Daga tashar Park, wadda ke dab da Braamfontein inda makarantarku take, jirgin ƙasa na Gautrain tasha ɗaya ce zuwa Rosebank, ta biyu Sandton. Ba ya kai tsakar dare yana aiki, don haka fim ɗin rana ya dace da shi, na dare kuma ka kira Uber ko Bolt ka jira a cikin gini. Akwai kuma ƙaramar sinima mai zaman kanta, The Bioscope, a 44 Stanley ta Milpark, ba nisa da ku. Ta Montecasino a Fourways tana harabar gidan caca ne, ni dai ba na zuwa.

In Allah ya kiyaye aka tare ka da bindiga, ɗaga hannu, fita a hankali, bar musu motar, ina roƙonka kada ka yi gardama. Bayan sun tafi ka kira 10111, lambar gaggawa ta 'yan sanda, da kamfanin tiraka, ka je caji ofis ka karɓi lambar ƙara, da ita inshora ke aiki.

Ka sanar da ni ranar saukarka. In ka huta sai mu je Rosebank tare in nuna maka hawan da nake ajiye tawa. Ka gaida su Baba da Umma.