Tseren Keke Daga Cikin Ɗaki: Kun Tambaya, Mun Amsa

Daga Mabera: Assalamu alaikum. Na ga bidiyon wani mutum yana tuƙa keke wuri guda cikin ɗaki, amma a allo yana tsere da mutanen ƙasashe daban-daban. Wanga abu tseren gaske na ko wasan yara? Ina da keken tsere mai giya tara a baya, mi zan ƙara in fara?

Wa'alaikumus salam, Malam. Tseren gaske ne, domin ƙarfin ƙafarka ne ke tafiyar da ɗan hoton da ke allo. Ana ɗora keke a kan wata na'ura da ake kira tirena. Ita ke auna ƙarfin da kake taka feda da shi, a ma'aunin wat, ta aika wa manhaja. Manhajar ta haɗa wannan ƙarfi da nauyinka da tsawonka da yanayin hanya, ta fitar da gudunka. In an zo hawan tudu, tirena ta ƙara tauri har ka ji a cinya.

Manhajar da ta fi suna ita ce Zwift, wadda ta fito a 2014, ana biyan kusan dala 20 a wata. Akwai MyWhoosh ta Abu Dhabi, kyauta ce, sai dai tana son waya ko kwamfuta mai ƙarfi. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta shirya gasar duniya ta farko ta irin wannan tsere a 2020 a kan Zwift, kuma 'yar Afirka ta Kudu, Ashleigh Moolman-Pasio, ce ta ci ta mata. Daga 2024 gasar ta koma MyWhoosh.

Tirena iri biyu ce. Akwai wadda ake barin tayar baya a jiki tana gogar wani ƙarfe mai juyawa. Ta fi araha, amma tana cin taya, tana da ƙara, kuma kuskuren awonta kan kai kashi 5 cikin 100. In ita ka samu, iskar tayarka ta zama ɗaya kullum, ka ɗaure ta daidai yadda ka saba, sannan bayan minti 10 na ɗumama jiki ka yi gwajin daidaita awo da ke cikin manhajarta. Ta biyu ita ce wadda ake cire tayar baya gaba ɗaya, sarƙa ta hau haƙoran giya da ke jikin tirena, irin Wahoo KICKR Core. Kuskurenta bai wuce kashi 2 ba. Ga mai niyyar tsere, wannan muke ba shawara ko da ta hannu ce.

Ka lura da abu ɗaya, tunda giyarka tara ce. Yawancin waɗannan na'urori an yi mazaunin haƙoransu ne don giya 11, saboda haka sai an fara zura wata washa mai kaurin milimita 1.85 kafin a jera haƙoran. In an manta da ita, haƙoran su riƙa lilo, sarƙa na tsalle, mutum ya yi ta zargin kekensa a banza. Ka kuma duba irin gatarin tayar bayan kekenka, wato ƙarfen da ke ratsa tsakiyarta, mai lebar gaggawa ne ko mai zare na milimita 12, don kowanne da ƙarfen da ake maƙala masa.

Daga Runjin Sambo: A hanyar Wamakko nakan yi awa biyu ban gaji ba. Cikin ɗaki kuwa minti 25 kaina ya fara juyawa, bugun zuciya ya hau, ƙarfi ya sauka. Tirena ta lalace ne?

Tirenarka lafiya lau, ɗan'uwa, zafi ne ke dafa ka, kuma wannan tambaya ta fi duk sauran muhimmanci ga ɗan Sakkwato. Jikin mutum ba ya mayar da ƙarfin da ya ƙona zuwa feda sai kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Sauran duk zafi ne. Wato in kana taka wat 200, jikinka na fitar da zafin da ya kai wat 600, kamar ka rungumi ƙaramin dutsen guga. A kan hanya iskar gudu ce ke busar da gumi ta kwashe zafin. A ɗaki babu wannan iska, gumi sai dai ya ɗiga ƙasa, kuma gumin da ya ɗiga bai sanyaya kowa ba. Sai jini ya koma fata don neman sanyi, tsoka ta rasa rabonta, zuciya ta ƙara bugu don cike giɓi. Abin da kake gani a allo ke nan.

Fankar silin ba ta isa. Kana buƙatar babbar fanka ta tsaye, inci 18 ko 20, a gabanka kamar taku biyu, tana bugun ƙirji da fuska. In da hali ƙara ta biyu daga gefe ta bugi baya. Ka buɗe taga da ƙofa, don rufaffen ɗaki kan cika da laima, gumi ya daina bushewa. Mu a ganinmu, wanda kuɗinsa ba su kai ba gara ya sayi tirena mai araha da fanka mai kyau, da ya sayi mai tsada ya zauna ƙarƙashin fankar silin.

Ruwa kuma a auna shi. Hau sikeli kafin ka fara, ka sake hawa bayan ka gama ka goge jiki. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta fita, ka mayar da lita ɗaya da rabi a hankali cikin sa'o'in da ke biye. Mai kilo 70 da ya rasa kilo ɗaya da rabi ya riga ya wuce kashi 2 na nauyinsa, inda ƙarfi ke fara karyewa. Gumi na tafiya da gishiri, saboda haka in zaman zai wuce awa ɗaya, haɗa lita ɗaya ta ruwa da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, kana kurɓa duk bayan minti 10.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ɗakin da ke da rufin kwano kan riƙe zafi har bayan Isha'i. Tseren bayan Asuba ya fi. Da azumi kuwa, kada a yi tsere da rana ko kaɗan. A bari sai an sha ruwa, an huta awa biyu ko an dawo daga tarawihi. Kuma in ka ji jiri, ko tsigar jiki ta tashi alhali ana zafi, ko tunaninka ya fara rikicewa, ka sauka nan take ka jiƙa jikinka. Muna roƙonka kada ka yi gardama da waɗannan alamu. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ya ga likita tukuna.

Daga Gawon Nama: Ana tsakiyar tsere sai ƙarfina ya koma sifili na daƙiƙa kaɗan, ko a ɗauke wuta, ayari ya wuce ni.

Matsala biyu ce. Tirena na magana da waya ko kwamfuta ta Bluetooth ko ANT+ (wata hanyar haɗi marar igiya irin Bluetooth), dukansu a zangon 2.4 GHz, inda Wi-Fi ɗin gida ma yake. Ka mayar da Wi-Fi zuwa 5 GHz in akwai, ka rufe duk wata manhaja da ta kama tirenar a wata waya. Mai amfani da ɗan tsinken ANT+ da ake soka wa kwamfuta ya sa masa doguwar wayar USB ya ajiye shi dab da tirena. Batun wuta kuwa, tirena ba ta da ci, ƙaramar inbata ta sola na ɗaukarta tare da fanka da na'urar intanet. Ka jona su a can tun kafin a fara, kada ka jira canjin layi, don tirena na mutuwa ta sake neman haɗi. Ka kuma buɗe manhajar minti 30 kafin lokaci, saboda takan tsaya saukar da sabuntawa.

Daga Arkilla: Ni mace ce, cikin gida nake tuƙawa. Na shiga tsere sau biyu, tun minti na farko ake barina. Wane rukuni ya dace da ni?

Sannu da ƙoƙari, Hajiya. Ki fara da gwaji: bayan ɗumama jiki, ki taka iyakar abin da za ki iya riƙewa na minti 20, ki ɗauki kashi 95 na matsakaicin ƙarfin, ki raba da nauyinki. Misali wat 140 ya zama 133. A kilo 62 ya ba da wat 2.1 ga kowane kilo. A tsohon rabon Zwift, ƙasa da 2.5 rukunin D ne, C ya kai 3.2, B ya kai 4, A daga nan zuwa sama. Yanzu sun fi amfani da maki daga 0 zuwa 1000, manhajar ce ke nuna miki inda za ki shiga. Akwai kuma tseren mata zalla.

Barin da ake miki a farko ba rashin ƙarfi ba ne kawai. Tseren intanet da wuta yake tashi. Ki ɗumama jiki minti 15, sannan saura daƙiƙa 20 a saki mutane ki riga kin fara takawa da ƙarfi, ki jure minti biyu zuwa uku, za ki ga sun lafa. Ki lafe a tsakiyar ayari, domin manhajar na rage wa na baya wahalar iska kamar a titi. In kika bar tazarar 'yan mitoci, cike ta ya fi riƙe ta wuya sosai.

Nauyin da kika rubuta ya zama na gaskiya. Rage kilo a manhaja na ƙara gudu a tudu, shi ya sa manyan gasa ke neman bidiyon hawa sikeli da abin auna bugun zuciya, kuma ana cire wanda aka kama.

Daga Tudun Wada: Notikan kan kekena sun fara tsatsa, ga shi ko ruwan sama bai taɓa shi ba.

Guminka ne, Malam, gishirinsa na cin ƙarfe da alminiyam. Shimfiɗa tawul daga kan keke zuwa sirdi, ka goge da ɗanyen tsumma bayan kowane zama, ka shafa giris a notika. Ka riƙa warware tef ɗin da ke naɗe a mariƙin keken kana dubawa, don a ƙarƙashinsa ɓarnar ke ɓoyewa har ƙarfe ya karye. Da hunturu ka lulluɓe tirena saboda ƙura, kuma kada ka zuba wa sarƙa baƙin mai, yana kama ƙura ya cinye haƙora. Man sarƙa marar danƙo, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, sannan ka share na saman.