Halayib ta wa ce, kuma me ya hana a kai ta kotu kamar Bakassi?

Tambaya: Malam barka da warhaka, ɗanka ne daga Kassala a Sudan, direban babbar mota nake. Rannan muna shan jabana, wato gahawa, a tasha sai gardama ta kaure tsakanin yaron motata da wani Bamisre kan Halayib, yankin nan da Sudan da Masar ke rigima a kansa, kowa ya zaro waya ya nuna taswira, kuma wallahi taswirorin ba iri ɗaya ba ne. Wai ta wa ce? Kuma me ya sa ba a je kotun duniya ba kamar yadda Najeriya da Kamaru suka yi kan Bakassi?

Amsa: Barka kadai ɗana, Allah ya tsare hanya. Ai daga yaron naka har Bamisren babu wanda ya yi ƙarya, layi biyu ne Turawan Ingila suka ja suka tafi suka bar mu da shi, kowa ya riƙe wanda ya yi masa daɗi.

Na farko a Janairun 1899 ne, lokacin da Lord Cromer na Ingila da Butrus Ghali na Masar suka sa hannu kan yarjejeniyar mulkin haɗin gwiwa na Ingila da Masar a Sudan, aka ce duk abin da ke kudu da layin digiri 22 shi ne Sudan. Layi ne miƙaƙƙe sambal kamar an sa rula, bai san rijiya ba bai san makiyaya ba. Toh ba a jima ba sai aka ga ya raba ƙabilar Bishariyyin gida biyu, su kuwa reshe ne na al'ummar Beja, masu raƙuma, danginsu da shugabanninsu duk ta ɓangaren Sudan suke, shi ne a 1902 aka sake jan wani layin na gudanarwa, aka ce yankin Halayib da Shalatin da Abu Ramad, wajen murabba'in kilomita 20,000 a bakin Bahar Maliya, a riƙa kula da shi daga Khartoum, sannan wani ɗan fili mai suna Bir Tawil a kudu da layin digiri 22 ɗin, inda ƙabilar Ababda ke kiwo, aka bar wa Masar. Yau Masar ta ce na 1899 shi ne iyaka, na 1902 aron hannu ne kawai don sauƙin aiki. Sudan ta ce ai shekara sama da hamsin tana mulkin wurin ba wanda ya ce uffan, kuma da shi ta karɓi 'yancin kai a 1956.

Rigimar ta fara tashi sosai a Fabrairun 1958, gwamnatin Abdallah Khalil ta Sudan za ta yi zaɓe har da Halayib, shugaban Masar Jamal Abdul Nasir ya tura sojoji, Sudan ta kai ƙara Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, Nasir ya janye. Aka yi shiru sai 1992 da Khartoum ta ba wani kamfanin Kanada izinin neman mai a ruwan wurin, Masar ta ce ba ta san zance ba. Da aka kai wa shugaban Masar na lokacin Husni Mubarak hari a Addis Ababa a Yunin 1995 kuwa, aka nuna gwamnatin Umar al-Bashir ta Sudan da yatsa, shi kenan Masar ta samu ƙofa ta kankane wurin, zuwa 2000 Sudan ta kwashe sojojinta. Tun daga nan 'yan sanda da makarantu da katin shaida duk na Masar ne.

Batun kotu kuma, kotun da ke Hague ba irin ta alƙalin unguwa ba ce da za a aika maka sammaci ka zo dole, sai ƙasashen biyu sun amince da hurumin ta. Najeriya da Kamaru duk sun riga sun amince, shi ya sa aka yi hukunci a 2002 aka miƙa Bakassi a 2008. Nan kuwa wanda ke riƙe da akuya me zai kai shi wajen alƙali? A 2016 da Masar ta yarda ta ba Saudiyya tsibiran Tiran da Sanafir, Khartoum ta ce to mu ma a zauna ko a je sulhu, Alƙahira ta ce a'a. Abin da ke ba ni dariya shi ne ita Masar ɗin ta hanyar masu sulhu na duniya ta karɓo yankin Taba da ke Sina'i daga Isra'ila, hukuncin 1988. Sudan dai ta yi ta sabunta ƙararta a Kwamitin Sulhu shekara da shekaru, takarda ce ake ajiyewa a fayil, don babu wata babbar ƙasa da za ta ɓata da Masar mai mashigin Suez saboda Halayib. Yanzu kuma da yaƙin nan na tun Afrilun 2023, ga dubban 'yan uwanmu suna gudun hijira a Masar, wa ke da bakin tada maganar?

Ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya, a duk wannan dogon lissafin ba ka ji inda aka tara Bishariyyin da Ababda aka ce ku me kuke so ba, ba a 1899 ba, ba a 1902 ba, ba bayan nan ba. Mutanen da suke kiwo a gindin dutsen Elba tun kafin a san wani abu wai shi fasfo, tun zamanin da Aizab, wani tsohon gari a bakin tekun yankin, take tashar alhazai har Ibn Battuta ya bi ta wurin, yau mutum zai kora raƙumansa kasuwar Shalatin sai an tambaye shi takarda, ɗan uwansa na ciki ɗaya kuma yana Port Sudan da katin wata ƙasar. Kai da kake Kassala ka san su, Hadandawan da kuke saye da sayarwa da su 'yan uwansu ne. Haka aka yi wa Nubawan Wadi Halfa a 1964 da ruwan dam ɗin Aswan ya taso, aka loda su a jirgin ƙasa zuwa Khashm al-Girba, nan kusa da ku.

Shi kuma Bir Tawil, wajen murabba'in kilomita 2,000, babu mai so, don duk ƙasar da ta ce nata ne ta amince da layin da zai raba ta da Halayib kenan. Har wani Ba'amurke ya je a 2014 ya kafa tuta wai 'yarsa ta zama gimbiya, babu gwamnatin da ta ko kalle shi. Masu haƙar zinare ne dai ke shiga suna fita.