Ku tambayi Tanti: wa zai riƙe mana yara idan mun fita nema?

Tambaya: Salamu alaikum Tanti, daga unguwar Garin Malam a Damagaram nake rubuto miki. Ina aiki a wani kantin magani mai zaman kansa, hutun haihuwata ya ƙare sati biyu kenan, jaririna ko wata uku bai cika ba. Innarmu tana Tanut, uwar mijina kuma ta tsufa ga ciwon ƙafa ko ɗaukarsa ba ta iyawa. Na je wani gidan rainon yara na kuɗi, abin da suka ce in biya a wata ya kusa rabin albashina. Wai don Allah gwamnati ba ta da wani wuri mai rangwame ne da ake kai jarirai? Maigidana ya fara cewa in ajiye aikin kawai.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raya, ya ba ki lafiyar shayarwa. Ba zan ɓoye miki ba, wurin da kike nema tsarin karatun ƙasarmu bai tanade shi ba. Dokar ilimi ta 1998 ita ce ta shimfiɗa matakan karatu a Nijar, kuma matakin farko da ta sani shi ne jardan, na yara masu shekara 3 zuwa 5 kafin su shiga CI, wato aji ɗaya na firamare. Jardan ɗin ma yara ƙalilan ne ke samunsa a faɗin ƙasa, yawancinsu kuma a manyan garuruwa suke, sannan kafin azahar an tashe su, ke kuwa sai yamma kike tashi. To daga ranar suna zuwa shekara uku fa? nan ne ramin yake, an bar wa uwa ta san yadda za ta yi, kuma a cikin ramin nan kike yanzu.

Amma kina da haƙƙi, kuma na lura mata da yawa ba su san da shi ba. Dokar ƙwadago ta 2012 ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na sati 14, takwas daga ciki bayan ta sauka, kuma idan likita ya tabbatar da rashin lafiyar da ciki ko haihuwa ya jawo ana iya ƙara sati uku. Bayan kin koma aiki kina da lokacin shayarwa har awa ɗaya kowace rana, har yaron ya shekara. Wannan ba alfarma ce uban gidanki zai miki ba, doka ce, ki zauna da shi cikin ladabi ki ce ranka ya daɗe ina son a haɗa mini awar nan a ƙarshen yini in riƙa tashi da wuri, ko a raba mini ita biyu. Ki kuma bincika ko ya yi miki rajista a CNSS, wato asusun ƙasa na tallafa wa ma'aikata, don a can ake biyan kuɗin yara. An daɗe ana ba da jika ɗaya a wata kan kowane yaro, wanda ni da ke mun san ko sabulun wankin zanen goyo da kyar ya saya, amma naki ne ki karɓa.

Batun ajiye aiki kuwa, ki roƙi maigida ya ba ki wata uku ku gwada wata dabara tukuna. Ki nemi mata biyu ko uku a unguwa masu irin damuwarki, ku haɗa kuɗi ku samu dattijuwa mai tsabta mai haƙuri da kuka san asalinta, ta riƙe yaran a gidan ɗayanku mafi kusa da wurin aikinki yadda za ki iya hawa kabu-kabu ki je ki ba da nono ki dawo. Abu guda nake roƙonki, kada ki aika ƙauye a kawo miki yarinya ƴar shekara tara a matsayin ƴar raino. Ita ma rainon take buƙata.

Tambaya: Tanti ina wuni. Ni magidanci ne daga Mirya, kuma gaskiya ban ga dalilin da gwamnati za ta kashe kuɗi kan rainon yara ba. Mu da muka taso kakanni da yayye ne suka raine mu, ba wanda ya biya ko dala. Wannan ba al'adar Turawa ba ce kuke son ɗora mana, alhali ko azuzuwan firamare ba su ishe mu ba?

Amsa: Lafiya lau Malam, kuma na ji daɗin tambayar nan don mutane da yawa haka suke gani ba su faɗi ba ne kawai. Rabin maganarka gaskiya ce, azuzuwa ba su isa ba, malamai ba su isa ba, kusan rabin mutanen ƙasar nan ba su kai shekara 15 ba, jihar Damagaram kuma ita ta fi kowace jiha yawan jama'a tun ƙidayar 2012, duk wanda ya riƙe kasafin kuɗin ilimi dole kansa ya yi zafi. Inda na rabu da kai shi ne da ka ce ba wanda ya biya. An biya Malam, sai dai ba da sefa ba.

Kwanakin baya da zafin nan na tsaya a layin famfo a unguwarmu, ka san yadda ruwa yake a Damagaram, jarkoki jere tun asuba. A gabana wata yarinya ce da ba ta wuce shekara takwas ba, goye da ƙanenta, zanen ya saɓule har ƙafafunsa suna bugun bayan gwiwarta, tana gyara shi da hannu ɗaya tana tura jarka da ƙafa, ƙarfe goma na safiyar talata lokacin da sa'o'inta suke aji. Na ce ƴata yau ba lakwal? ta ce innarta ta tafi kasuwar Dole da tuwon saidawa. Ban ga laifin uwar ba ko kaɗan, in ba ta fita ba me za a ci. Amma wannan yarinyar ita ce ke biyan kuɗin rainon da kake cewa kyauta ne, da karatunta take biya, kuma bayan shekara biyar mu ne za mu zauna a taro muna tambayar me ya sa ƴan mata ba sa gama firamare. Kakannin ma ai yanzu ba kamar da ba ne, da yawa suna ƙauye ƴaƴansu na haya a birni, wasu su ma suna bakin tasha suna suyar ƙosai.

Kuma ba sai mun je Turai ba. A Sanigal tun zamanin Abdoulaye Wade aka fara gina ɗakunan ƙananan yara a unguwanni da ƙauyuka, har da hukuma ta musamman mai kula da su. Gana ta saka shekara biyu na jardan cikin karatun dole kuma kyauta. A 2015 ƙasashen duniya sun amince a riƙa ware wa ilimi kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari na kasafin kuɗi, har da alƙawarin ko da shekara ɗaya ta jardan kyauta ga kowane yaro. Abin da nake so kawai shi ne a cikin kason nan a samu layi guda da aka rubuta wa ƙananan yara da sunansu, don jardan na al'umma da ake buɗewa da tallafin irin su UNICEF matsalarsu ɗaya ce, ranar da tallafi ya ƙare sai albashin mai kula da yaran ya koma kan iyayen da da ma ba su da shi. Mun ga makamancin haka a kiwon lafiya, tun 2006 aka ce maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta ne, shiri mai kyau wanda ya ceci rayuka, amma da kuɗin da ake mayar wa gidajen likita ya riƙa jinkiri sai iyaye suka koma sayen magani a waje. Shi ya sa ni ba sanarwa nake jira ba, kuɗin da zai riƙa fita kowane wata nake son gani.

Tambaya: Tanti mu mata ne 25 masu asusu a Zango, muna son buɗe wurin ajiye yaran ƴan kasuwa. Ta ina za mu fara?

Amsa: Madalla da ku ƴan uwa, wallahi kun faranta mini rai. Irin asusunku na Mata Masu Dubara a Maradi ya faro a 1991 kuma yau ya bazu ƙasashe da yawa, don haka kun san riƙon amana da lissafi. Ku fara da ɗaki, kuma kada ya zama rumfar kara ko zana komai arharta. Ba mu manta gobarar azuzuwan kara ta Yamai ta watan Afrilun 2021 ba da ta cinye yara kusan 20 yawancinsu ƴan jardan, da ta Maradi a watan Nuwamba na shekarar wadda ta fi ta muni, bayanta ne gwamnati ta hana azuzuwan kara a matakin jardan. Ɗakin ƙasa ko na siminti mai ƙofa wadatacciya, nesa da murhu, da randa mai murfi da masai na yara, kuma kowane yaro a zo da katinsa na rigakafi. Jarirai kada su wuce uku ko huɗu a hannun mace ɗaya.

Sannan ku rubuta takarda da sunan ƙungiyarku ku kai meri, wato ofishin magajin gari na gundumarku, ku nemi mai unguwa ya raka ku. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na lamarin makarantu, har da jardan da firamare, saboda haka neman ɗaki ko fili a wajensu ba roƙo ba ne, aikinsu ne. Ku leƙa ofishin masu duba makarantu kuma ku ji sharuɗɗan izini tun kafin ku karɓi yaro ko ɗaya. Kuɗin da iyaye za su biya ku sa shi na kullum maimakon na wata, don mai saida tuwo da yamma take ganin cinikinta, kuma ku fara cire albashin masu rainon kafin komai. Idan kun samu ɗakin ku sake rubuto mini, zan zo in gani da idona.